Úrbez da Kwaɗin Komin Sama

Yayana Úrbez shekararsa saba'in da shida, kuma a cikinsu ban san ranar da ya ɗauki shawarar wani ba. Ni ce ƙanwarsa Orosia, shekara uku ya ba ni. Shi bai taɓa aure ba, ni kuwa na yi, mijin ya rasu, na tattaro kayana na dawo gidanmu na Fenarosa. Mu biyu ne a gidan, sai shanu goma sha ɗaya da tsohon kare. Ni ke dafa masa abinci, ni ke wanke masa kaya, ni ke shan surutun gari a kansa, saboda haka idan akwai mai ikon ba da labarinsa, ni ce.

Makiyayi ne kamar mahaifinmu. Rabin shekara yana kan dutse da shanu, rabi yana gida yana ƙorafin miyata ba gishiri. Abu ɗaya ya taɓa yi da ya sa gari ya ɗauke shi a kafaɗa. A shekarar da ya dawo daga aikin soja, ya kama 'ya'yan kifi a babban kogin kwari, ya zuba su a garwar madara biyu, ya ɗora wa alfadari, ya haura da su har saman gangaren da ruwa ke faɗowa, inda kifi bai taɓa iya hawa ba. Ya juye su a ƙoramar sama. Bayan shekara uku makiyaya suka fara gasa kifi a bakin bukkarsu, kowa na sa masa albarka. Shekara arba'in yana ba da labarin nan a kowane biki, kuma kowace shekara garwar ƙara nauyi take yi.

Sai Izarbe ta zo. Malamar jami'a ce, siririya, da takalman roba har gwiwa, tana bin ƙorama tana ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Úrbez ya gan ta daga nesa, ya sauko don ya yi mata dariya. Ni ma ina wurin, na kai masa burodi da cuku.

"Ke 'yar nan, zobe kika yar ne?"

"Kwaɗo nake nema, Baba."

"Kwaɗo? Ki sauka gari mana, bayan coci suna nan sun hana mu barci."

"Ba irinsu ba. Zo ka gani."

Ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan kwaɗo ne da bai fi babban yatsa ba, launin ƙasa-ƙasa, ya yi lamo. Ta ce wannan ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi na kan duwatsun nan namu, ba a samunsa a wata ƙasa mai nisa, kuma ƙarewa yake yi. Ko kukan kirki ba ya yi, sai ka kasa kunne sosai. Úrbez ya ce ai ya san su, da yana saurayi in ka taka bakin ƙoramar nan tsalle suke yi ta ko'ina.

"To ina suka tafi?" in ji shi.

"Kifi ya cinye 'ya'yansu. Kifin nan ba a nan aka halicce shi ba, Baba. Wani ne ya hauro da shi, tunda dai ba shi da fuka-fuki."

Na dubi yayana. Ranar bai taɓa burodin ba, kuma tun daga ranar ban sake jin labarin alfadari da garwa a bakinsa ba.

Abin da ya biyo baya ni na sha wahalarsa. Ya ɗaura yaƙi da kifin da ya kawo da hannunsa. Da izinin da Izarbe ta samo masa, ya yi ta kamun su shekara da shekaru, manya da ƙanana, yana kawo mini. Mun ci soyayye, mun ci gasasshe, mun ba maƙwabta har suka fara rufe ƙofa in sun hango ni da kwano. Ya kusa cin ƙarfinsu, sai wata masifar ta ɓullo wadda ba a kama ta da raga. Dusar ƙanƙara ta rage zuba, ƙoramar ta koma ƙafewa tun kafin tsakiyar shekara. Kwaɗin da suka rage suka gudu zuwa Komin Sama, wani dogon komin dutse da kakanninmu suka sassaƙa don shanu su sha, wanda idon ruwa ke zuba masa dare da rana. Nan kaɗai ya rage musu a duk kwarinmu.

Kowane watan Maris, ƙanƙara na kai masa gwiwa, Úrbez zai haura ya zura hannu ƙarƙashin duwatsun cikin komin ya lalubo curin ƙwai. Shekarar farko ya samu talatin da wani abu. Daga baya goma sha tara, sannan takwas. Bara uku kacal ya samu. Mutanen gari suka raɗa masa Uban Kwaɗi, in ya shigo wurin shan shayi sai wani ya ce, "Ya iyali? Sun fara tafiya kuwa?" Shi kuma ya amsa da gaske, ya ce tukuna, ƙafar baya ce ta fara fitowa. Ni abin haushi yake ba ni. Namiji da bai taɓa riƙe jariri ba ya tsufa yana renon talibambam.

Mu a Fenarosa, Asabar ɗin ƙarshe kafin a haura da shanu kan dutse ranar gayya ce. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya, a bi komayen dutsen nan bakwai, a zare toshiya, a zubar da ruwan, a kankare gansakuka, a shafe da farar ƙasa. Gidan da bai turo kowa ba, shanunsa su ne na ƙarshe wajen sha duk shekarar. Shekaru da yawa Baldomero, shugaban makiyayanmu, yana kau da kai a tsallake Komin Sama saboda Úrbez. Tare suka yi soja, kuma duk zagin da suke wa juna ba mai shiga tsakaninsu.

Bara abin ya canza. Aka samu cutar tarin fuka ta shanu a garkuna biyu, ɗaya na Baldomero ne. Mota ta zo ta kwashe masa shanu ashirin da shida zuwa mayanka, har da wadda ya rena da kwalba a ɗakin girkinsa. Likitan dabbobi ya ce ba saniyar da za ta hau dutse sai an wanke kowane komi da farar ƙasa da magani, duk bakwai ɗin, kuma zai zo ya duba da idonsa. A lokacin ƙwan nan curi uku sun ƙyanƙyashe, komin ya yi baƙi da talibambam, ba ko ɗaya mai ƙafa.

Aka yi taro a barandar coci ranar Laraba. Úrbez ya miƙe.

"Mako shida nake roƙo. Mako shida kawai, su yi ƙafa su fita da kansu, sannan ku zuba abin da kuka ga dama."

"Mako shida shanu su ci me?" in ji Baldomero. "Gemunka? Ciyawar kwari ta ƙare tas, ka sani."

"A kewaye komin da waya, su sha a na ƙasa."

"Na ƙasa ba ya ɗaukar shanu ɗari uku, kuma likita ya ce bakwai. Kai ba ka iya ƙirga ba sai ƙwan kwaɗo?"

Aka yi dariya, amma ba da yawa ba. Sai yayana ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu a ƙirji.

"Baldomero, ban taɓa roƙonka komai ba, ko taba. Ni na kashe su. Ni na hauro da kifin nan, ku kuka tafa mini. Waɗannan ne suka rage. In kuka zubar da su shi ke nan, babu wasu. Don Allah."

Baldomero ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ni ma nawa ashirin da shida ne suka tafi, Úrbez, kuma ban ga wanda ya cire hula dominsu ba. Asabar za mu hau. Kana da kwana biyu, ka san yadda za ka yi da 'ya'yanka."

Ban ga laifin Baldomero ba, har yau ban gani ba. Amma da muka dawo gida na ga yayana ya zauna a bakin murhu ya haɗa kai da gwiwa, sai tausayinsa ya kama ni. Ranar Alhamis ya wuni yana buga wa Izarbe waya, ya fi sau ashirin, a kashe. Daga baya muka ji ashe tana asibiti a birni, haihuwa ta zo mata da gardama. Ya kira ofishinsu, aka ce mai kula da wannan sai Litinin. Ya ajiye wayar ya ce, "Litinin kuma. Su zo jana'iza ke nan."

"Tashi," na ce masa. "Gobe mu hau mu kwashe su."

"Ke? Ke da kike cewa ƙyanƙyami suke ba ki?"

"Har yanzu suna ba ni. Kai ne ba na so in binne."

Ranar Juma'a da sassafe muka kama hanya, shi da sandarsa da bokitin da maruƙa ke sha, ni da rariyar garina da ludayi. Awa uku muka yi, gwiwarsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da muka isa, rana ta taso, ruwan komin garau, ga su nan birjik suna kaɗa wutsiya. Na yarda, a ranar na ga abin da yake gani a jikinsu.

Bukkar makiyaya ta gidanmu ba ta fi taku ɗari biyu daga komin ba. Shawararmu ita ce mu ajiye su a cikinta, a inuwa, muna sauya musu ruwa har maganin ya wanke daga komin ko Izarbe ta samu kanta. Sai maganar abin da za a zuba su. Úrbez ya miƙo bokitin maruƙa, duk ya yi kore da gansakuka, gefensa a tsage.

"A wannan ƙazantar?" na ce. "Haba Yaya. Ga shi ma ba zai ɗauke su ba."

Na shiga bukka na sauko da tukunyar jan ƙarfen mahaifiyarmu, wadda take dafa madarar cuku a ciki, tana rataye tun da muka bar yin cuku. Babba ce, mutum biyu ke ɗaukarta in ta cika. A duk kwarin nan ba abin da muke ganin ya kai jan ƙarfe tsabta. A cikinsa ake dafa madara, a cikinsa ake ɗumama ruwan wankan jariri, kuma a gidanmu ba a tarbar baƙo da kwanon kare. Ta yi kore-kore saboda daɗewa, sai na yi mata abin da kowace mace a nan ta gada, na zuba gishiri da ruwan tsami na inabi, na durƙusa na dirje ta da tsumma har na ga fuskata a ciki. Na ɗauraye sau uku. Muka cika ta da ruwan komin, muka jera duwatsu a ƙasa don su samu maɓoya.

Úrbez ya tsaya yana kallon tukunyar tana ƙyalli, ya yi murmushin farko a makon nan.

"Yau kam kin yi abin kirki, Orosia. Ko Inna ba ta goge ta haka."

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Gara in faɗa, tunda gaskiya nake bayarwa.

Wuni muka yi muna tace komin da rariya. Ni in ɗebo, shi ya karɓa da ludayi yana yi musu magana kamar masu jin yare. Sun fi ɗari huɗu. Can da yamma ya koma shi kaɗai ya laluba kusurwoyi, ya samo 'yan tsirarun da suka ɓuya. Ƙafarsa ta riga ta ƙi, bai iya ƙarasawa cikin bukka da su ba, sai ya bar su a bokitin maruƙa a gindin bango, ya ce gobe ya haɗa su da 'yan'uwansu. A bukkar muka kwana.

Da gari ya waye masu gayya suka iso, mutum goma sha bakwai, da buroshi da buhunan farar ƙasa da salkar ruwan inabi. Baldomero ya leƙa komin ya ga wayam, ya leƙa bukka ya ga tukunya, ya ce, "Kai, Uban Kwaɗi, har da ɗakin amarya ka yi musu?" Úrbez ya ce masa ya je ya yi aikin da ya kawo shi. Aka zare toshiya. Kafin hantsi komin ya yi fari fat, warin magani ya cika wurin.

Tun da safen na lura talibambam ɗin ba sa kuzari kamar jiya. Sun taru a ƙasa, wasu na juyawa a gefe guda. Na nuna wa Úrbez, ya ce sanyin safiya ne, in rana ta yi za su ware. Amma na ga ya koma ya leƙa har sau huɗu. Wajen tsakar rana ya ce mu hau tudun da waya ke kamawa mu sake gwada Izarbe. Wannan karon ta ɗauka, muryarta ƙasa-ƙasa, jariri na kuka a gefenta. Ya ba ta labari yana haɗa kalmomi, ya buɗe muryar wayar don ni ma in ji.

"Sannu Baba, kun yi ƙoƙari," ta ce. "Ruwan komin kuka zuba musu, ko?"

"Shi ne."

"Madalla. A wace irin roba?"

Na karɓe zancen, don aikina ne kuma ina alfahari da shi.

"Wace roba, 'yar nan? Tukunyar jan ƙarfen Innarmu ce. Da gishiri da ruwan tsami na goge ta, sai kin ga yadda take walƙiya."

Sai muryar Izarbe ta sauya.

"Inna Orosia, tun yaushe suke ciki?"

"Tun jiya da hantsi."

"Ku fitar da su yanzu. Yanzu-yanzu! Jan ƙarfe guba ne gare su, in an goge shi ma ya fi. Ku ruga, don Allah!"

Ban san yadda muka sauko daga tudun nan ba. Tsoho mai shekara saba'in da biyar ya yar da sanda yana gudu a kan duwatsu, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Ni ina bayansa ina kiran sunan duk wani waliyyi da na sani. Masu gayya suna zaune suna cin soyayyen ɓarɓashin burodi da kitsen rago, suka gan mu, suka miƙe suka biyo mu.

Mun makara. Saman ruwan ya rufe da su, ciki sama, fari-fari. Úrbez ya durƙusa ya zura hannu biyu yana kwasowa yana zubawa a hularsa, a kwanon abinci, a duk abin da ya samu, yana cewa a kawo ruwa, a kawo ruwa. Baldomero da kansa ya ruga idon ruwa da garwa. Muka zuba su a sabon ruwa, muka tsaya a kansu. 'Yan kaɗan suka motsa wutsiya sau ɗaya, sau biyu, suka daina. Komin da za a mayar da su ma ya riga ya sha magani.

Ni kuwa na tsaya da hannayena da har lokacin suke warin ruwan tsami, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Shekara goma sha biyu yana tsaron halittun nan daga kifi da fari da bakin mutane, ni na gama da su a wuni ɗaya da tsumman goge-goge.

Wani daga baya ya ce a hankali, "Wa ya ce a sa su a tukunya?"

"Ni ne," in ji Úrbez, bai ko ɗago ba. "Ni na ce ta ɗauko ta."

Ƙarya yake yi. Bai ce ba, bokiti ya miƙo mini. Na buɗe baki zan ƙaryata shi, ya dube ni da idon da ya sa na haɗiye maganar. Har yau a Fenarosa an san Uban Kwaɗi ne ya kashe 'ya'yansa da kansa, kuma ya hana ni gyara zancen. Shi ya sa nake rubuta shi.

Baldomero ne ya tuna da bokitin maruƙan da ya gani a gindin bango. Ya fita ya dawo da shi rungume a ƙirji, yana tafiya a hankali kada ya fantsala. A cikin koren ruwan nan mai datti, talibambam goma sha huɗu suna ta kaɗa wutsiya, lafiyarsu ƙalau.

Úrbez bai sauko gari ba sai bayan mako bakwai. Yana bukka yana sauya musu ruwa safe da yamma, yana bin abin da Izarbe ke faɗa masa ta waya harafi da harafi. Biyar suka mutu. Tara suka yi ƙafa, ya kai su wani ɗan damshi a saman idon ruwa ya sake su, ko wanne bai kai farcen yatsa ba. Ya ce ko waiwayowa ba su yi ba.

Bana a watan Maris ya hau sau uku, ya ɗaga kowane dutse a komin da kewayensa. Ba ƙwai ko curi ɗaya. Manyan da suka saba zuwa ba su zo ba, ba mu san ko tsufa ne ko maganin ba. Izarbe ta ce kada ya karaya, tarar nan ba za su isa yin ƙwai ba sai nan da shekara biyu, in sun rayu, in kuma akwai mace a cikinsu. Ya saurare ta, ya yi godiya, ya kashe wayar. Gwiwar da ya faɗi a kanta ba ta sake komawa daidai ba, hawan awa uku yanzu biyar yake ɗaukar masa.

Jiya da safe ina shara ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Orosia, zo in nuna miki inda ake zura hannu a lalubo ƙwan. Ba na jin ƙafar nan za ta kai ni shekara biyu."

Na so in zage shi in ce ya daina yi wa kansa mugun baki, amma na ga ba wasa a fuskarsa. Na jingine tsintsiya, na sa takalmi, na bi shi.